Yadda za ku buɗe laburare a unguwa ko da ba ku da gini

Duk sanda aka tada zancen laburare a majalisarmu ta Agege sai wani ya ce to ina kuɗin haya, Legas ce fa, daga nan zance ya mutu. Alhali mutanen Nebraska, wata jihar Amurka mai fili fetal sai gonakin masara da shanu, ba da gini suka fara ba. A garuruwa da yawa ƙungiyoyin mata ne suka tara littattafai suka aje a ɗakin aro. A 1901 jihar ta kafa hukumar laburare, ta riƙa zuba littattafai a akwatuna tana turawa ƙauyuka, in an gama karantawa a mayar a karɓo wasu.

To ku ma ku fara da akwati. Ku samu adaka ta ƙarfe mai kwaɗo, kar ku yi gangancin kwali, danshin damina a garin nan sai ya sa takardu su manne su yi funfuna, kyankyasai su ƙarasa sauran. A ɗora ta kan benci saboda ruwa in ya shigo. Littafi talatin ko arba'in ya isa farawa, na Turanci da na yaran makaranta akwai 'yan gwanjo wajen Yaba da Ojuelegba, ku taya sosai, na Hausa kuma a yi wa wani direban da ke kawo kaya Mile 12 magana ya taho da su daga Kano.

Sai wurin ajiya. Shagon tela ya fi, don shi kullum yana zaune. A ba shi littafin rijista ya rubuta suna da lambar waya da ranar dawowa, sati biyu. In mutanen Idi-Araba ma suka haɗa tasu adakar sai ku dinga musanya duk bayan wata uku, kun ga an samu sabbin littattafai ba a kashe sisi ba. Kuma don Allah a sa mata a ciki, a ware musu tasu adakar a gidan wata malamar Islamiyya, ba kowace ce za ta je shagon da maza suka cika ba.

Inda aka fi faɗuwa kuɗin riƙo ne, a nan ne nake ganin Andrew Carnegie ya yi dabara. Wani attajirin ƙarfe ne da aka yi a Amurka a zamanin da, kuɗinsa sun gina laburare 69 a Nebraska kaɗai, amma ba haka kawai yake bayarwa ba, sai gari ya ba da fili, ya yi alƙawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin duk shekara wajen kula da wurin, kuma kowa ya shiga kyauta. Wato in ya ba da dala 10,000, garin zai dinga fitar da 1,000 kowace shekara.

Ku ari wannan lissafin. In wani Alhaji ya ce zai ba ku littattafan naira dubu ɗari biyu, ku ce mun gode Allah ya saka, amma kafin ku ɗauko ku zauna ku rubuta sunan waɗanda za su haɗa dubu ashirin duk shekara na gam da salatif da ɗan ihsanin tela, kowa ya sa hannu gaban limamin unguwa.