Darasi na 9: Kyautar da Hannunka Ya Yi

A darasin da ya gabata mun koyi karanta lambobin da ke jikin sikeli da na tef ɗin awo. Yau za mu sa su aiki. Za mu gasa biskit da kek, mu ɗinka 'yar jakar da za a zuba biskit ɗin, sannan mu rubuta takardar da za ta raka kyautar. Malami zai karanta sau ɗaya, ku kuma ku bi shi da yatsa, kafin kowa ya karanta nasa sashen da ƙarfi.

Kafin a taɓa fulawa ko almakashi, a fara da tambaya ɗaya: wa za a ba? Kakar da haƙoranta suka yi rauni ba ta son abu mai tauri, kek mai laushi ya fi dacewa da ita. Mai ciwon sukari kuwa a bar zancen gashi, a yi masa ɗinki. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar ƙwai, ko madara, ko alkama, ko gyaɗa, wani ma ɗan kaɗan ya ci sai numfashi ya gagare shi. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma ko da a cikin gashi ce. Yaron da bai kai shekara uku ba kuma ba a ɗinka masa abin wasa mai maɓalli ko duwatsun ado, domin komai ya samu baki yake kai wa. Tambayar uwar yaro ba abin kunya ba ne.

Sai lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗinki a gama shi tun saura mako, biskit a gasa tun saura kwana ɗaya ko biyu, kek kuma ana gobe za a kai.

Awo

Nan ne yawancin masu koyo suke tuntuɓe, don haka za mu ɗan daɗe a kai. Mai miya tana iya ɗanɗanawa ta ƙara gishiri. Mai gashi ba ta da wannan dama, da zarar kwaɓi ya shiga wuta magana ta ƙare.

Ku kwafe waɗannan a littafinku:

Cokalin shayi 1 = mililita 5
Babban cokali 1 = mililita 15, wato cokalin shayi 3
Kilo 1 = giram 1,000
Mita 1 = santimita 100
Inci 1 = kusan santimita 2 da rabi

Ni kaina na sha kunya a kan layi biyu na farkon nan. Lokacin da nake koyo, na karanta "cokali 2" na bekin hoda, wato garin da ke sa kek ya kumbura, a takarda, ban tsaya duba wane cokali ake nufi ba, na ɗauki babba na zuba. Kun ga na sa ninki uku ke nan. Kek ɗin ya kumbura har ya haura bakin gwangwani, ina ta murna, can sai ya lotsa a tsakiya kamar an taka shi. Da aka yanka, ɗaci-ɗaci yake yi a harshe. Yayata da na yi dominta ta ci loma ɗaya, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ƙanwata," ta kurɓi ruwa. Tun daga ranar ban ƙara karanta lamba na tsallake kalmar da ke gefenta ba.

Sikeli ya fi kofi gaskiya. Kofi ɗaya na sukari yana kai giram 200, amma kofin nan dai idan fulawa aka zuba bai wuce giram 120 zuwa 130 ba, in kuma aka danna ta sai ta fi haka nesa. Wanda ba shi da sikeli ya riƙa zuba fulawar a kofi da cokali, kada ya girgiza, sannan ya shafe saman da bayan wuƙa.

Biskit na ɗaya, biyu, uku

Na zaɓi wannan ne domin ba ya buƙatar ƙwai ko bekin hoda, kuma lissafinsa ba ya ɓacewa a ka: sukari kashi 1, bota kashi 2, fulawa kashi 3, duk a nauyi. Ga misali:

Sukari giram 100
Bota giram 200
Fulawa giram 300
Gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka tsinta

A fitar da bota daga sanyi ta yi laushi yadda yatsa zai iya lotsa ta, amma kada ta narke ta koma mai. A zuba mata sukari a yi ta bugawa da muciya har launinta ya yi haske. A tankaɗe fulawa da gishiri a kai. Daga nan sai a sassauta hannu. Da farko za ku ga abin ya yi wara-wara kamar jiƙaƙƙen yashi, har zuciya ta ce a ƙara ruwa. Kada ku ƙara. Ku tattara shi da tafin hannu, ɗumin hannun zai haɗe shi ya zama curi ɗaya. Da ya haɗu a tsaya. Fulawar alkama tana da wani danƙo da yake tashi idan aka yi ta murza ta da laima. Mai burodi shi yake nema, amma a biskit shi ne yake kawo tauri.

A shimfiɗa curin ya yi kaurin santimita 1, a auna da tef, kada a yi kirdado. A yanka da wuƙa ko da bakin ƙaramin kofi, a caccaka saman da cokali mai yatsu. Idan ana zafi kuma kwaɓin ya saki, a sa shi a firij ko wani wuri mai sanyi na minti 20, in ba haka ba zai baje a tire ya rasa siffarsa.

Obin ya riga ya yi zafi kafin a sa, a digiri 160. Wasu obin ɗin lambobinsu na ma'aunin Faranhait ne, a can sai a nemi 325. Minti 20 zuwa 25 ya isa. Ba a jira ya yi ja. Gefensa kawai zai ɗan canja launi, kuma in an taɓa za a ji da sauran laushi, sai ya huce yake yin ƙarfi. Wanda ba shi da obin ya samu babbar tukunya mai kauri, ya zuba gishiri ko yashi mai tsabta a ƙasanta, ya ɗora wani ƙarfe da zai ɗaga tiren, ya rufe ta yi zafi minti 10 a wuta kaɗan kafin ya sa. Wannan hanyar tana son ido, domin ƙasan yakan riga saman gasuwa.

Kek a taƙaice

Shi ma da dabara. A auna ƙwai huɗu bayan an fasa, za su kai wajen giram 200. Nauyin da suka ba da, shi za a sa na bota, na sukari, da na fulawa, a ƙara cokalin shayi 2 na bekin hoda. A buga bota da sukari, a riƙa sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, fulawa ta zo ƙarshe a juya a hankali. Digiri 180, minti 40 zuwa 50. Kada a buɗe obin a rabin sa'ar farko, iska mai sanyi tana kwantar da shi. A soka tsinke a tsakiya, in ya fito ba kwaɓi a jikinsa ya gasu.

Bekin hodar nan ma asalinta kusan kyautar gida ce. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, shi ya haɗa irin tasa a 1843 saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis, yana so ta samu burodin da za ta iya ci. Ku lura dai, bekin hoda daban, bekin soda daban. Soda ta fi ƙarfi, kuma ba ta aiki daidai sai da abu mai tsami a kwaɓin. Ku karanta rubutun jikin gwangwani harafi bayan harafi kafin ku buɗe.

Jaka mai zariya

Wannan ba sai da keke ba, allura da zare sun wadatar. A nemi yadin auduga, ko ragowar ƙyalle mai kyau. In sabo ne a wanke shi tukuna a goge, saboda auduga tana tsukewa a wankin farko, wani yadin kuma yana zuba. Gara ya yi halinsa a hannunku da ya je ya yi a gidan wanda kuka ba.

Muna son jaka mai faɗin santimita 20 da tsayin santimita 25. To amma ba haka za a yanka ba, kuma nan ne lissafin yake da daɗi. Ɗinkin kowane gefe zai ci santimita 1, gefe biyu ne, faɗi ya zama 22. Bakin jaka zai ci santimita 3 wajen yin ƙubakar da zariya za ta bi, tsayi ya zama 28. Yadin ninka shi za a yi, gaba da baya, don haka 28 sau 2, wato 56. Abin da za a yanka ke nan: 56 a tsaye, 22 a kwance. A zana da alli, a sake aunawa, sannan a ɗauki almakashi.

A ninka yadin biyu, fuskar mai kyau tana ciki. A kafe da fil. A yanki zare kamar tsawon yatsa zuwa gwiwar hannu, in ya fi haka sai ya yi ta harɗewa yana ƙulli. Ɗinkin da ya fi riƙewa shi ne mai komawa baya. A fito da allura daga ƙasa, a mayar da ita baya kaɗan a soka, a fito da ita a gaban inda zaren ya fara fitowa, a sake komawa a soka daidai ramin da ɗinkin baya ya ƙare. Taku ɗaya baya, biyu gaba. In an duba sama za a ga layi a jere ba giɓi, kamar na keke. Kowane taku kada ya wuce rabin santimita.

Gefe ɗaya a ɗinke shi har sama. Ɗaya gefen a tsaya saura santimita 5, a kalmashe bakin wurin da aka bari ta kowane ɓangare a ɗinke, nan ne ƙofar zariya. Yanzu a kalmasa bakin jakar gaba ɗaya santimita 1, a danne da dutsen guga, a sake kalmasa santimita 2, a danne, a bi ƙasan kalmasar da ɗinki a zagaye. Ni a ganina guga ita ce rabin ɗinki. Wadda ta tsallake ta za ta yi ta kokawa da yadi, kuma aikin zai fito a karkace ko da hannunta ya iya. A juya jakar, a tura kusurwoyin da bayan fensir. A maƙala fil mai kulle a bakin igiya mai tsawon santimita 60, a zura ta cikin ƙubaka har ta fito, a ƙulle bakin biyu tare.

Wanda ya ragar da ƙyallaye yana iya haɗa su ya yi abin sauke tukunya, ninki huɗu ko biyar da tsohon tawul a tsakiya. Amma auduga zalla. Yadin roba narkewa yake yi a zafi ya manne wa fata.

Haɗa kyautar

Biskit ya huce sarai kafin a rufe shi, in da sauran ɗumi tururi zai sa ya yi lagwas. Kada a zuba shi kai tsaye cikin jakar, maiƙon bota zai ɓata yadin. A sa a leda mai tsabta ko a naɗe a takardar gashi tukuna. A mazubi mai murfi da iska ba ta shiga yakan yi mako guda lafiya. Kek kuwa a ci shi cikin kwana uku ko huɗu. Kada kuma a haɗa su mazubi ɗaya, biskit zai zuƙe laimar kek.

Saura takarda. Ku yanki ɗan kwali, ku huda kusurwarsa, ku ɗaura a jikin zariya. A gaba ku rubuta sunan wanda za a ba da naku. A baya ku sa ranar da aka gasa da abin da ke ciki: fulawar alkama, bota, sukari, gishiri. Ku fara gwadawa da fensir a littafi. Kada ku ba ɗanku ya rubuta muku don kuna ganin hannunku bai faɗa ba tukuna, wanda za a kai wa yana so ya ga rubutunku ne, ko da layin ya ɗan hau tudu.

Aikin aji

1. Kuna da bota giram 300. Sukari nawa da fulawa nawa za ku auna don biskit na ɗaya, biyu, uku?
2. Kwaɓinmu duka giram 600 ne. Idan kowane biskit giram 25 ne, guda nawa za a samu? In aka raba wa mutum huɗu, nawa kowa zai samu?
3. An sa kek a obin da ƙarfe 4:15. Yaushe za a fara soka tsinke?
4. Kuna son jaka mai faɗin 30 da tsayin 35. Ku bi lissafin da muka yi ku fitar da abin da za a yanka.
5. Ku rubuta jimla biyu zuwa ga wanda kuke so ku yi wa kyauta.

Zama na gaba kowa ya zo da allura, zare, tef, da ƙyallen da ya riga ya wanke ya goge. Wanda ya samu damar gasa biskit a gida ya kawo guda biyu, ko da ya ƙone, mu duba tare mu gano inda wutar ta fi yawa.