Kurakuran da aka fi yi wajen tantance jinsunan funfunar Fusarium

Ɗalibin da ya kai ruɓaɓɓiyar masara ko zangarniyar dawa ɗakin gwaje-gwaje, ya ga farar funfuna mai ratsin shunayya ta tsiro a faranti, sau da yawa yakan yi saurin rubuta Fusarium moniliforme, domin sunan da ya tarar a tsofaffin littattafai ke nan. Masana sun yi watsi da wannan suna tun farkon shekarun 2000, bayan ta bayyana cewa jinsuna da dama ne aka cusa a ƙarƙashinsa. Wadda ta fi addabar masara ita ce Fusarium verticillioides (a taƙaice F. verticillioides), a dawa kuwa an fi samun F. thapsinum, wadda aka ware a 1997, da F. andiyazi, wadda aka ware a 2001. Lamarin ya wuce na suna kawai, domin F. verticillioides tana samar da dafin fumonisin mai yawa, dafin da aka fara ganowa a Afirka ta Kudu a 1988, alhali fumonisin ɗin da F. thapsinum ke samarwa bai taka kara ya karya ba. Wanda ya haɗa su a suna ɗaya zai ba da rahoton ƙarya game da haɗarin da ke cikin hatsin.

Tushen wannan kuskure shi ne dogaro da ido, an manta cewa kama da wane ba ta wane. Launin funfuna a faranti yana sauyawa da zafi da haske da irin abincin da aka shuka ta a kai, kuma ko a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu waɗannan 'yan uwa suna jera ƙananan tsabarsu cikin dogayen sarƙoƙi masu kama da juna. Gyaran shi ne a fara tsarkake samfurin daga tsaba ɗaya tak, domin ƙwayar hatsi ɗaya tana iya ɗauke da jinsi biyu, sannan a koma ga DNA.

A nan ma akwai tarko. Tun 2012 aka amince da sashen DNA da ake kira ITS a matsayin shaidar tantance funfuna baki ɗaya, shi ya sa mutane da yawa ke tsayawa a kansa. Amma a wannan dangi na Fusarium ITS ba ya raba jinsuna makusanta, kuma an nuna tun 1997 cewa funfuna ɗaya tana iya ɗauke da nau'i biyu mabambanta na ITS2, wani yanki na sashen ITS, abin da ke rikita bishiyar zuriyar da aka gina a kansa. Sashen TEF1 shi ne ya fi dacewa a fara da shi, a ƙara da RPB2 idan ana son tabbaci. Haka nan bai kamata a amince da sunan farko da GenBank, rumbun bayanan DNA na intanet, ya fitar ba, saboda akwai bayanai masu yawa a ciki da aka yi wa laƙabin kuskure. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi yaɗuwa a yau, domin kwamfuta ce ta ba da amsar, mutane kuma ba su cika yi mata musu ba. Abin da ya dace shi ne a gwada sakamakon da na samfurin asali wanda aka raɗa wa jinsin suna da shi.

Sunan Gibberella ma yana ruɗa wasu. A da ana ba funfuna ɗaya suna biyu gwargwadon yadda take hayayyafa, wato Fusarium ce ake kira Gibberella a matakin da take hayayyafa ta barbara, amma taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Melbourne a 2011 ya soke wannan tsari.

Masu auna bambancin gado a cikin jinsi ɗaya kuma sukan kwaso samfura hamsin daga gona guda su ƙirga su a matsayin hamsin, alhali funfunar tana yawan yaɗuwa ba tare da barbara ba, ta yadda mafi yawansu kwafin juna ne. Kafin lissafi sai a cire maimaici, a kuma tattaro samfuran daga gonaki masu nisa da juna da damuna fiye da ɗaya.