Kurakuran da sabbin 'yan pank ke tafkawa in za su saki waƙar farko

Kiɗan pank tun da ya ɓullo a New York da Landan wajen 1976 dama na yaran da suka gaji da jiran kamfani ne, gita da bas da ganguna, a rera waƙa cikin minti biyu a wuce wurin. Amma sai ka ga sabuwar ƙungiya yau in an zo tallata waƙar farko tana abu kamar ba ta san tarihin gidansu ba.

Wanda ya fi yawa shi ne a kwashe ɗan abin da aka tara duka a zube a sutudiyo, a yi wata shida ana gyaran sautin ganga, ranar da waƙa ta fito ko kuɗin buga fosta babu. Alhali mai jin pank ba santsin sauti ya kawo shi ba. Albam ɗin ƙungiyar Ramones na farko waƙa 14 ne, bai kai minti 30 ba, dala 6,400 ya ci. Na Buzzcocks a Manchester ma ya fi ban sha'awa, sun ranto wajen fam 500 hannun 'yan uwa da abokai suka buga ɗan faifansu Spiral Scratch mai waƙa huɗu kacal, kwafi 1,000, a ƙarƙashin kamfanin da suka ƙirƙira da kansu New Hormones, ya fito Janairun 1977, daga baya sai da suka sayar da kusan 16,000. To ku ma ku raba kuɗin nan tun kafin ku shiga ɗaukar sauti, ku ware na talla daban kar kowa ya taɓa shi. Kuma waƙa uku ko huɗu sun isa a karon farko, wa zai zauna ya ji waƙa sha biyu daga mutanen da bai taɓa jin sunansu ba?

Sai gaggawa. An gama haɗa waƙa daren Laraba, wai Juma'a a sake ta. Ba a fafe gora ranar tafiya fa. Masu rarrabawa, wato kamfanonin da ke ɗora muku waƙa a Spotify da makamantansa, irin DistroKid ko TuneCore, suna ɗaukar kwanaki kafin waƙa ta hau, sannan in kuna so ku miƙa ta ga masu zaɓen waƙoƙi na Spotify dole tun ba ta fito ba, aƙalla kwana bakwai kafin ranar, kuma waƙa ɗaya tak ake miƙawa. Da ta fito ƙofar nan ta rufe. Ni dai wata guda nake ganin ya fi, a samu sararin shirya hoto da ɗan bidiyo da tura wa mutane.

Amma wanda ya fi ba ni haushi wallahi shi ne sayen masu saurare. Wani zai shigo muku inbos ya ce kawo kaza in kawo muku sauraro dubu goma, ku kuma don a ga lamba ta haura sai ku biya. Na'urori ne kawai suke kunna waƙar, ba wanda zai zo wasanku cikinsu ba wanda zai sayi riga, kuma tun 2024 Spotify tana cin tarar masu rarrabawa in ta kama irin wannan, su kuma su juyo kanku, ko su cire waƙar ko su rufe muku akawun ɗin gaba ɗaya. Ga kunyar a ga lamba ta kai sama amma ranar wasa mutum tara ne a zaure, biyar ciki 'yan gidanku.

Kar kuma ku sa rai kuɗin sauraro zai riƙe ku, a Spotify ɗin dai waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba ko sisi ba ta samu. Ku buɗe shafi a Bandcamp, dandalin sayar da waƙa a intanet, can mutum yake saya kai tsaye, su ɗauki kashi 15 a waƙa kashi 10 a riga ko kaset ko faifai, sauran naku ne in an cire na masu tura kuɗi, kuma wanda ya yarda ya bar muku imel ɗinsa, wanda ya fi folowa ɗari amfani.

Maganar tura wa 'yan jarida da masu rediyo, yawanci saƙo ɗaya ake kwafa a watsa wa mutum ɗari biyu, a taimaka a saurara, har da mai shirin da bai taɓa sa pank ba. Ku nemi wanda kunnensa ke wajen. The Undertones 'yan Derry ne a Ireland ta Arewa, ƙaramin kamfanin Good Vibrations na Belfast ya fitar musu da faifan farko a 1978, ya isa hannun John Peel na BBC da aka san shi da ɗaga sabbin makaɗa, ya kunna wata waƙa daga ciki sau biyu a jere a shirinsa, ba a jima ba kamfanin Sire ya ɗauke su. Ku ma ku zaɓi mutum goma da kuka san me suke so, kowa da nasa saƙon gajere, da link mai buɗewa ba sai an sauke komai ba.

Sannan ku fito daga cikin waya. Kamfanin faifai na Dischord da aka kafa a Washinton a 1980, a farkon lamari da hannu suke yanka kwalin faifai su naɗe su manna, ƙungiyar Fugazi kuma a zamaninta ta yi shekara da shekaru tana karɓar dala biyar a ƙofa kuma ba a hana yara shiga. Ku roƙi ƙungiyar da ta ɗan girme ku ta bar ku ku buɗe mata wasa, ku yi minti ashirin ku sauka tun ba a gaji da ku ba, ku tsaya ku kalli na sauran kar ku tattara kaya ku gudu. A bakin ƙofa ku ajiye tebur da riguna da kaset da takardar rubuta imel, ɗayanku ya tsaya wurin da kansa, ya kuma zo da canji.