Yadda ake ajiye aiki a ƙasar waje a rabu lafiya

Yawancin waɗanda barin aiki ya jefa cikin wahala gaggawa ce ta ja musu: sun furta kafin su gama shiri. Kada kowa a wurin aiki ya ji cewa za ka tafi sai ka sa hannu a kwantiragin sabon wurin, ka ga ranar farawa a rubuce. Alkawarin baki yana da wuyar tabbatarwa.

Daga nan ka duba bizarka, domin a nan sabon zuwa ya fi yin asara. Idan kamfani ne ya ɗauki nauyinka, izinin zamanka a ɗaure yake da aikin. A Birtaniya, mai bizar ƙwararren ma'aikaci sai ya sake neman izini da takardar ɗaukar nauyi daga sabon kamfanin, kuma ba zai fara aiki can ba sai an amince. Wanda ya ajiye aiki babu wani a hannu, tsohon kamfanin zai sanar da hukuma, yawanci a rage masa zama zuwa kwana 60. Mai bizar H-1B (ta ƙwararrun ma'aikata) a Amurka ma iyakarsa kwana 60 ɗin ne. Wata biyu ba su isa neman aiki cikin natsuwa ba, musamman ga mai iyali.

Wa'adin sanarwa, wato tsawon lokacin da za ka ba kamfani kafin ka tafi, yana cikin kwantiraginka, ka karanta shi da kyau. A Birtaniya mafi ƙarancin abin da doka ta ce mako ɗaya ne ga wanda ya yi wata guda yana aiki, amma kwantiragi kan nemi fiye. A Amurka mako biyu al'ada ce kawai a yawancin ayyuka, sai dai wanda ya karya ta ana tuna masa. Jamus ta fi tsauri: mako huɗu, su ƙare a ranar 15 ko ƙarshen wata, kuma sai a takarda da sa hannunka na biro. Wanda ya tura imel, a idon doka bai ajiye aiki ba. Ka duba kuma ko akwai sharaɗin maido da kuɗin horo ko na ƙaura idan ka tafi da wuri, don ana iya cire su daga albashin ƙarshe.

Shugabanka na kusa shi zai fara ji, daga bakinka, ba daga abokan aiki ba. Ka nemi minti goma ku keɓe, ka faɗa masa kai tsaye, ka gode, sannan ka miƙa takarda a ranar. Abu uku suka ishe ta: cewa ka ajiye aiki, ranar ƙarshe, da godiya. Ƙorafi ba ya shiga ciki, ko da kana da gaskiya, domin takardar za ta zauna a fayil ɗinka bayan fushin ya wuce. Ba dole ba ne ka faɗi inda za ka.

Sauran kwanakin su mutane suka fi tunawa. Ka rubuta wa magajinka ayyukan da ke hannunka, inda kowanne ya tsaya, ranar da ake jiransa, da wanda ake tuntuɓa. Kada ka tura wa kanka fayilolin kamfani, ko da kai ka rubuta su; na kamfani ne, kuma na'urorinsu suna nuna abin da ya fita.

Kafin ranar ƙarshe ka tambayi lissafin hutun da ba ka ci ba, ka maido da kwamfuta, makullai da katin shiga, a ba ka shaidar karɓa. A Birtaniya ka karɓi takardar P45, mai nuna albashinka da harajin da aka cire maka, don kada a sa ka a ma'aunin haraji marar daidai. A Jamus haƙƙinka ne a rubuta maka shaidar aiki. Ka nemi wanda zai shaide ka nan gaba tun kuna tare, ka karɓi lambarsa ta kansa, domin shi ma wata rana zai iya barin kamfanin.