Ƙugiyar jan tirela a tsohuwar Kombi: kurakuran da aka fi yi

Tsohuwar Volkswagen Kombi mai ɗakin kwana, irin wadda kamfanin Westfalia na Jamus ya riƙa sa wa gado da murhu da rufin da ake ɗagawa, mota ce mai daɗin tafiya amma ba ta da wurin kaya. Da an shimfiɗa gado, wuri ya ƙare. Shi ya sa mai irinta, ko ba jima ko ba daɗe, sai ya fara tunanin ɗaura mata ƙugiya a baya don jan 'yar ƙaramar tirela. Da yake kuma masu tsofaffin motoci ba sa son a ga baƙon ƙarfe a jikin motarsu, sai su nemi irin ta asali: ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke fitowa ta ƙarƙashin bamba, da ƙwallo a kansa.

Tana aiki, ko ado ce kawai? Tana aiki. Westfalia ɗin nan asalinsa maƙera ce da aka buɗe a Wiedenbrück a 1844, kuma a shekarun 1930 Franz Knöbel na wannan gida ya yi rajistar fasahar haɗa mota da tirela ta hanyar ƙwallo da mazauninsa. Abin da ke bayan sababbin motocin Turai a yau jikan wancan ne. Tsarin ba shi da laifi. Matsalar tana jikin motar da aka ɗaura wa, da kuma abin da mai motar yake tsammani daga gare ta.

Kuskuren da ya fi kowane muni shi ne a sayi ƙugiya kafin a leƙa ƙarƙashin mota. Ƙugiyar asali ba bamba take riƙewa ba. Tana kama ƙarafan casis guda biyu da suka bi gefen inji zuwa baya, galibi a wurin da ƙafafun bamba suke ɗaure, kuma duk ja da fizgar tirela nan suke sauka. To wannan wuri shi ne gidan tsatsa a Kombi. Batir yana zaune a ɗakin inji, ruwansa yana ɗiga shekara da shekaru yana cin ƙarfen da ke ƙasa, laka kuma tana taruwa a lungunan bayan taya ta riƙe danshi. Motar da aka daina ƙerawa a Jamus tun 1979 ta haura shekara arba'in, ko da fentinta yana ƙyalli. Sau da yawa ma ƙyallin ne ke ɓoye ɓarnar, domin wani fanel bita ya riga ya cike rami da fila ya fesa baƙin fenti a kai.

Gyaran a nan ba shi da gajeriyar hanya. A cire bamba, a kankare baƙin shafen da ke ƙasa har ƙarfe ya fito, a ƙwanƙwasa da guduma, a soka sukuddireba a duk inda ya yi kumburi. Idan ya huje, a yanke wurin a sa sabon ƙarfe mai kaurin na asali. Liƙa faci a kan ruɓa ba gyara ba ne. A duba notunan da aka walda a cikin casis ɗin, ko zarensu ya cinye. Sannan a yi amfani da sababbin ƙusoshi masu lambar ƙarfi a kansu, 8.8 ko abin da takardar ƙugiyar ta ce, a ɗaure da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Ƙusa marar lamba ta kasuwa ba ta da wuri a wannan aiki.

Daga nan sai sayen wadda ba ta shekarar motar ba. A ido Kombi duk Kombi ce, amma bayanta ya sha sauyi. Mai gilashin gaba biyu, wadda aka yi a Jamus daga 1950 zuwa 1967, daban take. Mai gilashi guda da ta biyo baya ma gida biyu ce: a samfurin 1972 an faɗaɗa ɗakin inji don ya ɗauki babban inji, a na 1973 kuma aka sauya bamba. Ƙugiyar 1969 ba za ta zauna a motar 1976 ba, sai an huda sababbin ramuka, kuma da zarar ka fara huda casis don ƙarfe ya shiga, ka riga ka kauce. Motocin da aka ci gaba da ƙerawa a Burazil har 2013 su ma suna da nasu bambancin. Haka salansa: an lanƙwasa ƙugiyar asali ne ta zagaye salansar asali, kuma wasu salansar gayu da ake sa wa waɗannan motoci suna tokare ta. Ka ba mai sayarwa lambar casis da girman inji da hoton salansarka kafin kuɗi ya fita.

Akwai wani abu da masu sayarwa ba kasafai suke faɗa ba. Injin Kombi ta baya da ƙasa ake sauke shi, ƙugiyar kuwa a hanyar take. Duk ranar da za a sauya kuloci, akwai yiwuwar sai an kwance ta tukuna. Saboda haka kada ka yarda mai walda ya liƙe ta da jikin mota wai don ta ƙara ƙarfi. A wajenmu, inda Kombi ba baƙuwa ba ce, tunda ita ce ta yi shekaru tana aikin danfo a Legas, wannan shi ne abin da za a fara ba ka shawara: a samo bututu, a walda, an gama. Mai walda gwani zai iya ƙera abin da ya yi kama da ta asali, amma kama ba ita ce awo ba. Ƙugiyar kirki tana zuwa da ɗan allon ƙarfe da aka buga nauyin da aka gwada ta a kai. Wadda ba ta da allo, ko tsohuwar da aka taɓa miƙar da ita bayan hatsari, ni dai ba zan maƙala mata komai ba.

Nauyi shi ne inda ya kamata a daɗe.

Mutane suna duba lambar da ke jikin ƙugiya su ɗauka abin da motar za ta ja ke nan. A'a. Iyaka uku ce: ta ƙugiya, ta mota kamar yadda takardunta suka nuna, da ta doka, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu ita ce taka. A Birtaniya, tirela marar birki ba ta wuce kilo 750 ko rabin nauyin motar da ke janta, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Amma tun kafin a kai ga doka, inji ya riga ya yi magana. Injin 1600, wato mai lita 1.6, da ke cikin yawancin waɗannan motoci ƙarfin doki 47 zuwa 50 gare shi. Babban cikinsu, mai lita biyu na ƙarshen shekarun 1970, doki 70 ne. Da wannan zai ɗauki mota da gado da kabad da tankin ruwa da iyali, kafin a zo maganar tirela.

Injin Kombin Jamus kuma ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Fankar da ke hura iskar gudun inji take bi: inji ya yi ƙasa, iska ta ragu. Direban da ya saba da motar zamani yakan bar ta a giya huɗu a kan hawa, ya danne totur, yana ganin yana tausaya wa inji. A lokacin ne inji yake aiki mafi nauyi da iska mafi ƙaranci. Motar ba ta da agogon zafi, jan fitilar mai kuwa in ta kama, sau da yawa aikin gama ya gama. A injunan 1600 na kafin 1971, silinda ta uku ta fi sauran zafi saboda masanyayin baƙin mai yana tare mata iska, kuma bawul ɗinta ne aka sani da karyewa. Maganin shi ne a koma giya uku da wuri a bar inji ya yi kuka, a sa agogon zafin mai, a tabbatar robar da ta zagaye inji da duk faranten da ke juya iska suna nan, a gyara tazarar bawul kafin doguwar tafiya. Wanda zai yi wannan ja a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, ya rage kaya fiye da yadda littafin Jamusawa ya yarda, ya kuma yi sammako.

Birki ma haka. Sai a samfurin 1971 Kombi ta samu birkin faifai a gaba. Kafin nan ganga ce a tayoyi huɗu, kuma ganga in ta yi zafi a doguwar gangara, ƙafa tana kan birki mota tana tafiya. Duk tirelar da ta wuce 'yan buhuna da tanti, a nemi mai birkin kanta, wadda ke kamawa da zarar ta turo motar daga baya. Ƙananan ɗakunan ja irin Eriba Puck, da aka yi su tun asali don motoci marasa ƙarfi, su ne ajin Kombi.

Sai nauyin da ke danne ƙwallon daga sama, wanda shi aka fi mantawa da shi. A ƙugiyoyin wancan zamani da yawa, kilo 50 ne iyaka. Tazarar tayoyin gaba da na bayan Kombi mita 2.4 ce kacal, inji yana rataye a bayan tayar baya, ƙwallon kuma yana bayan inji. Duk kilo da ka ɗora a can yana ɗaga gaban mota, kamar mutum ya zauna a bakin benci ɗaya ɓangaren ya tashi. Sitiyari ya yi sako-sako, a motar da ko ba tirela iskar gefe tana wasa da ita. Wasu don gudun haka sai su tura kaya can bayan tirela, sai ita kuma ta fara lilo da zarar an yi gudu, wanda ya fi na farkon haɗari. Kaya masu nauyi a kan tayar tirela suke zama, ɗan gaba kaɗan. Awon ba wuya: a ajiye sikelin awon mutum a ƙasa, a tsayar da guntun katako a kai daidai tsayin ƙwallo, a sauke bakin tirela a kansa.

Nan ne kuma amsar masu son rataya kekuna take. Maɗaurin keke da ke kama ƙwallo yana da nasa nauyin, ka ƙara kekuna biyu masu batir, ka wuce kilo 50. Ga shi ya tare murfin inji, a motar da ake son duba baƙin man injinta kullum, wadda kuma aka san ta da kama wuta in tiyon fetur ya tsufa. Kayan Amurka kuwa, maɗaurin keke da kwandon kaya, an yi su ne su shiga bututu mai kusurwa huɗu na inci 1¼ ko inci 2, wanda ƙugiyar asali ba ta da shi. In wannan ne buƙatarka, ta asali ba taka ba ce. Ka sa ta zamani ka haƙura da kyan gani.

Girman ƙwallo ƙaramin abu ne mai kashe mutum. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka akwai inci 2, wato milimita 50.8, da inci 1⅞, kusan milimita 47.6. Ido ba ya rabe su. Bakin tirelar Turai zai rufe a kan ƙaramin ƙwallon Amurka kamar ya kama, sai an faɗa rami ya fice. A karanta lambar da aka buga a kan ƙwallo da ta bakin tirela, a kuma maƙala sarƙa ko wayar tsaro a jikin ƙugiya. Tsayi ma yana da ƙa'ida a Turai: milimita 350 zuwa 420 daga ƙasa in mota tana da kaya. Kombin da aka sauke ƙasa don gayu ba ta kai nan, tirela za ta yi goho, ƙugiya kuma ta riƙa kartar ƙasa a kowane tudun rage gudu.

Wuta kuma, a taƙaice. Motocin kafin samfurin 1967 ƙarfin wutarsu volt shida ne, na tirelolin yau sha biyu. Soket na da mai ƙafa 7 ne, na yanzu 13, akwai mahaɗi tsakaninsu. Kada riwaya ya fere tsohuwar wayar fitilar baya ya murɗa sabuwa a kai ya naɗe da tef. A ja waya daga batir da nata fis, a bi ta rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kanta, a sauya rilen sigina da wanda zai ɗauki ƙarin ƙwan fitila, a kuma nesanta wayar da salansa.

Kada a ɗaura igiya a ƙwallo don fizgo motar da ta kafe a yashi ko taɓo. An yi shi don ja a hankali, fizga tana iya tsinke shi, kuma in ya tsinke yana tashi ne kai tsaye zuwa gilashin motar da ke baya. Bayan tafiyar farko da tirela a sake bin ƙusoshin duka da sifana, domin sukan saki in fenti da ƙarfe suka zauna. A shafa wa ƙwallo ɗan giris, sai dai in bakin tirelar irin mai hana lilo ne da ke matse ƙwallo da fata kamar ta birki. Wannan a bushe yake aiki, ko fenti ba a bari a kan ƙwallon.