Kurakuran da muke yi wajen koyar da daskararre, ruwa-ruwa da gas

Na daɗe ina koyar da kimiyya a sakandare a nan Zariya, kuma na lura rabin ruɗanin yara daga bakinmu yake fitowa. Kalma ɗaya muke da ita ga abubuwa biyu: ƙanƙara ta narke, sukari ya narke a shayi. Yaro ya ɗauka duk jirgi ɗaya ne, har ya kai wannan fahimtar jarrabawar WAEC. Ita ƙanƙara zafi kawai ya mayar da ita ruwa, ba a gauraya ta da komai ba. Shi kuwa sukari bazuwa ya yi cikin wani abu. Ka ɗora man shanu a cokali kan kyandir, a gefe guda ka dama gishiri a ruwa, ka shanya a faranti. Idan ruwan ya ƙafe suka ga gishirin ya dawo, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Haka kalmar "ruwa". Da ka ce kananzir ruwa-ruwa ne, wani zai ɗauka akwai ruwa a cikinsa. Zuba su a kwalba ɗaya, su ga kananzir ya hau sama ya ƙi haɗuwa.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya nawa ne. Na rubuta a allo cewa ruwa yana tafasa a digiri 100. Muka tsoma ma'aunin zafi a tukunya, ya tsaya wajen 98. Nan take na ce ma'aunin ne ya lalace. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ko mu gwada ɗayan?" Shi ma 98. Ashe laifin nawa ne. Digiri 100 ɗin a daidai gaɓar teku ne. Zariya kuwa ta haura mita 600 bisa teku, nauyin iskar da ke danne ruwan ya ragu, don haka yake tafasa da wuri. Yanzu da wannan nake buɗe darasin.

A kan wannan tukunyar ma akwai wani kuskuren. Farin abin da ke tashi daga buta, wanda muke kira tururi, ba gas ba ne, ƙananan ɗigon ruwa ne da suka riga suka huce a iska. Gas ɗin ruwa na gaskiya ba a ganinsa. Sa su duba dab da bakin butar, daga nesa kaɗan don gudun ƙuna, za su ga wani ɗan fili wayam kafin farin ya fara.

Yara da yawa kuma sun ɗauka sai ruwa ya tafasa yake zama gas. Tambaye su wa ya tafasa wankin da ya bushe cikin awa guda da hunturu, ko me ya sa ruwan randa yake sanyi.

Wajen zane, ka lura da yaran da ke kumbura ƙwayoyin, wato ƙananan ɓurɓushin da suka haɗu suka yi kowane abu, idan abu ya yi zafi. Girman ƙwayar ba ya canzawa, motsi ne ke ƙaruwa, tazara ta buɗe.

Kada kuma ka koya musu cewa dole daskararre ya bi ta ruwa-ruwa kafin ya zama gas. Ka ce su je gida su buɗe akwatin kayan mamansu, su nemo kafur ɗin da ta saka bara, su shafa atamfar su ji ko ta jiƙe.