Yadda Ake Zana Fuska a Kan Kwali, Irin Salon Olga Boznanska

Ranar da na fara gwada wannan salo, kwalin taliya na yayyago na ɗora wa fenti, Gwaggona kuma ta zauna mini a zaure. Da na gama ta karɓa, ta ƙura masa ido, ta ce, "Kai ɗan nan, yaushe aka yi mini tsage ban sani ba?" Gaskiyarta. Kwalin kaya yana da layi-layi a cikinsa, duk sun fito mata a kumatu. To ka fara da wannan: ka nemi kwali mai kauri, daskararre, mai ruwan toka ko ruwan ƙasa, irin wanda masu ɗaure littafi suke yin bango da shi.

Matar da na kwaikwaya, Olga Boznanska, mai zane ce 'yar ƙasar Poland, an haife ta a birnin Krakow a 1865, uba injiniyan jirgin ƙasa, uwa Bafaransa. A 1886 ta tafi birnin Munich na Jamus neman ilimin zane, sai dai babbar makarantar zanen garin ba ta ɗaukar mata a lokacin, dole ta koya wajen malamai masu zaman kansu. A 1898 ta tare a Faris, can ta zauna har mutuwa. Yawancin fuskokin da suka yi mata suna a kan kwali ta zana su, ba a kan ƙyalle ba, kuma da gangan. Kwali yana tsotse man da ke cikin fenti, sai launin ya kwanta dishi-dishi, babu ƙyalli, kamar kana hangen mutum ta cikin hazo.

Ita sau da yawa ba ta yi wa kwalin shimfiɗar farin fenti. Ni dai ina shafa masa gam tsararo sau ɗaya in bar shi ya bushe, domin mai yana cin takarda a hankali. Kada ka yi masa kauri, in ka toshe kwalin gaba ɗaya ka kashe amfaninsa. Fentin ma ka matse shi a kan tsohuwar jarida, ka ba shi 'yan mintoci takardar ta sha man.

Sai haske, wanda nan ne yawancinmu muke faɗuwa. An san ɗakin aikinta da ke titin Montparnasse a Faris da tagogi masu ƙura da ba ta yarda a goge ba, domin hasken ya shigo a tace. Mu kam ranarmu ba ta da kunya, tana yanka fuska biyu, rabi fari fat rabi baƙi ƙirin. Ka zaunar da mutum a cikin ɗaki gefen taga, ka rataya farin mayafi mai shara-shara a jikinta. In lokacin hunturu ne Allah ya hutar da kai, hazon safiya ya gama maka aikin.

Launuka kaɗan za ka ɗiba: fari, ja mai duhu, rawaya irin ta ƙasa, shuɗi, da ruwan ƙasa. Ruwan tokarka kai za ka haɗa shi daga shuɗi da ruwan ƙasa da fari, wani ya karkata ga ɗumi wani ga sanyi. Ka nemo hoton zanenta na 1894, yarinya riƙe da fararen furanni, wanda ke gidan tarihi na ƙasa a Krakow, ka buɗe shi sosai a waya. Da farko za ka ce ai duk toka ce. Ka daɗe kana kallo, shuɗi zai fito maka a rigar, ja-ja a gashin, sannan idanun nan biyu baƙaƙe manya su riƙe ka. Duk abin da ke cikin zanen an sassauta shi ne don idanun su yi magana.

Kada ka zagaye fuska da baƙin layi kamar mai zanen allon shagon aski. Ɗauki ƙaramin burushi busasshe, ka riƙa ɗiga launi gajere-gajere, ɗaya kusa da ɗaya, kana barin kwalin yana leƙowa a tsakani. Ga fatarmu wannan ma ya fi dacewa, don ruwan ƙasar kwalin ya riga ya ba ka rabin launin. Abin da ya rage shi ne shuɗi-shuɗin da ke sauka a goshi da karan hanci, da ja mai duhu a ƙasan kunci. Gefen kafaɗa da mayafi ka bar su su narke cikin bango. Hannuwa kuwa ka ba su lokaci, Boznanska ba ta wasa da hannu, yadda mutum ya ajiye yatsunsa yana tona halinsa.

Zama ɗaya ba ya isa. Ta kan sa mutum ya yi ta dawowa, tana jan sa da hira tana zuƙar sigari. Sigarin ka bar mata, hirar ka ɗauka. Gwaggo a zama na farko fuskar ɗaukar hoto ta yi mini, baki a tsuke. Sai a zama na huɗu, da na tambaye ta labarin aurenta, ta manta da ni, girar hagu ta ɗaga yadda take yi in za ta yi wa mutum gatse. Ita na zana.

Kuma kada ka shiga wannan salo da tunanin kuɗi. Boznanska ta samu lambar girmamawa ta Faransa a 1912, ta ci babbar kyauta a baje-kolin duniya na Faris a 1937, amma masu kuɗi sun koma son wani yayi, ta mutu cikin talauci a Oktoban 1940, Jamusawa na riƙe da garin. Ni ma an taɓa dawo mini da zane wai bai yi sheƙi kamar na kalanda ba.

In ka gama, kada ka shafa masa man ƙyalli. Ka jingine shi a inuwa mako biyu ko uku, sannan ka kai wa mai firam ya sa masa gilashi, ya bar ɗan rata kada gilashin ya taɓa fentin. Ka rataye shi nesa da bangon da ke jiƙewa da damina, don kwali da laima ba sa shiri, gara ma ba ta raina shi.